Laftof mai karanta kowane faifai ban da mai hawa biyu: nazarin lamari guda

Asalin lamarin

Mai laftof ɗin sana'arsa ɗaukar bidiyon laccoci da tarukan ƙara wa juna sani. Idan ya tace aiki ya miƙa wa masu shi, sai ya ajiye kwafi ɗaya a wurinsa, kuma shekara da shekaru a faifan DVD yake wannan ajiya. Aikin yini guda yakan fi ƙarfin faifai na yau da kullum mai cin gigabait 4.7, don haka ya koma sayen DVD+R DL, faifan nan mai hawa biyu, wato shimfiɗar rubutu biyu ɗaya a bayan ɗaya, da ke ɗaukar gigabait 8.5. Irinsa ya shigo kasuwa a 2004, ɗan'uwansa DVD-R DL ya biyo baya a 2005. A lokacin da matsalar ta kunno kai, faya-fayan ajiyarsa masu hawa biyu sun kai 60, kuma wasu ayyukan babu su a ko'ina sai a can.

Laftof ɗin ya shekara bakwai a hannunsa, yana kan Windows 10. Na'urar faifansa siririya ce, irin mai tire da ke fitowa ta gefe, kuma takardar bayaninta ta nuna tana karanta faifai mai hawa biyu, tana kuma rubuta shi. Ta sha aiki fiye da ta yawancin mutane, domin da wuya mako ya wuce ba ta rubuta faifai ba. Akwai halaye biyu na mai ita da ya kamata a riƙe tun yanzu. Emti, wato faifan da ba a rubuta komai a kai ba, duk wanda ya samu yake saye, ba ya duba wanda ya ƙera shi. Sannan ya daɗe da kashe zaɓin da ke sa manhaja ta sake karanta faifai bayan rubutu don ta tabbatar ya rubutu daidai, saboda yana ci masa lokaci.

Makon farko: fim ya daskare a tsakiya

Alamar farko ba a faifan aiki ta bayyana ba. Wani fim ne bugun kamfani, wanda aka sha kallo a wannan laftof ɗin, ya zo wajen tsakiya ya daskare. Ɗan tsaiko na daƙiƙa guda a tsakiyar dogon fim ba baƙon abu ba ne ga masu kallon DVD, domin a nan na'ura ke sauya hawa. Wannan kuwa bai wuce ba. Hoto ya tsaya cak, na'urar ta rage gudu, ta yi ƙas-ƙas, ta sake ɗaukar gudu, ta sake sauka, har manhajar kallo ta daina amsawa. Ya fitar da faifan ya duba a haske, babu karce ko ɗaya. Ya goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ya mayar. A daidai wurin ya sake tsayawa.

Bayan kwana uku wani ya nemi kwafin tsohon aiki. Mai laftof ya ɗauko faifan ajiya, ya sa wata manhaja ta kwashe shi ɗungurungum zuwa fayil ɗaya na ISO a kan filash. Aiki ya tafi sumul har ma'auni ya nuna gigabait 3.98, sai ya yanke da saƙon cewa ya gaza, ba tare da wani bayani ba. Faifai na biyu ma haka. A ranar ya gwada CD na sauti da DVD mai hawa ɗaya, duka suka buɗe ba gardama. Sai ya ƙudurce a ransa cewa na'urar lafiyarta ƙalau, laifin daga wani wuri yake.

Mako na biyu: zargin filash da Windows

Abokin aikinsa da ya ji an ce kusan gigabait huɗu bai yi wata-wata ba ya ce filash ne. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. Filash ɗin a tsarin ajiye fayiloli na FAT32 yake, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce bait 4,294,967,295. Aka kwashe abin da ke ciki, aka mayar da shi tsarin NTFS da ba shi da wannan iyaka, aka sake gwadawa, aikin ya sake yankewa a 3.98. Aka bar filash, aka kwafa kai tsaye zuwa ma'ajiyar laftof ɗin. Jiya-i-yau.

Daga nan zargi ya koma kan Windows. A Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, babu alamar gargaɗi a kan na'urar, babu lambar kuskure 19 ko 39 da ke nuna direba, wato manhajar da Windows ke sarrafa na'urar da ita, ya lalace, amma duk da haka aka cire direban, aka sake kunna kwamfuta ta mayar da shi da kanta. Aka shiga rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta, aka goge saitunan UpperFilters da LowerFilters a ƙarƙashin mabuɗin na'urorin faifai, wanda ke farawa da 4D36E965. An san wannan mataki da dawo da na'urar da ta ɓace gaba ɗaya daga kwamfuta, musamman bayan an cire wata manhajar rubuta faifai ta bar ɓurɓushi. A nan ko gezau. Aka duba lambar yanki, wadda ke hana fim ɗin wani yankin duniya buɗewa a na'urar wani yanki, ta fim ɗin da ta na'urar sun yi daidai, faya-fayan ajiya kuma fayiloli ne zalla, babu ruwansu da kullen yanki. Aka koma kallo da wata manhaja mai suna VLC, fim ya daskare a inda ya saba.

Har ya fara shirin sauke Windows ya ɗora sabuwa sai abin ya ƙara gaba. Ya saka wani faifan ajiya, na'urar ta juya shi, ta yi ta ƙas-ƙas kusan minti guda, daga baya Windows ta ce a saka faifai, alhali yana ciki. Sai da ya fitar ya mayar sannan ta gane shi. Wannan ne ya sa ya ɗauki laftof ɗin ya kai wa mai gyara.

Mako na uku: a teburin mai gyara

Mai gyaran bai taɓa sukurdireba ba a ranar farko. Faya-fayai iri biyar ya nema: CD, DVD mai hawa ɗaya bugun kamfani, mai hawa ɗaya da aka rubuta a kwamfuta, mai hawa biyu bugun kamfani, da mai hawa biyu daga cikin na ajiya. Sannan ya tayar da laftof ɗin da Linux, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, daga filash, don a cire Windows da direbobinta daga lissafi gaba ɗaya, ya sa a karanta kowane faifai daga farko har ƙarshe.

Ukun farko suka karantu tas. Biyun ƙarshe suka yanke. A bayanan da Linux ke rubutawa game da na'urori, kurakuran faifan ajiya sun fara ne a wajen sekta ta 8,347,648 (sekta ita ce ɗan yankin da ake kasa faifai a kai). Wannan lamba tana iya rikita mutum, domin Linux a nan da sekta mai bait 512 take ƙirga, ita kuwa sektar DVD bait 2,048 ce. Idan aka raba gida huɗu, 2,086,912 ke fitowa. Ya koma Windows ya buɗe ImgBurn, manhajar nan ta kyauta wadda rabonta da sabuntawa tun 2013 amma har yau tana da amfani wajen fayyace abin da faifai ke ciki. Ta nuna hawa na farko na faifan yana da sekta 2,086,912 cif, daga cikin 4,173,824 na faifan baki ɗaya. A rahotonta kuma, saƙon da na'urar ke mayarwa wani lokaci na gazawar karatu ne, wani lokaci "No Seek Complete", wato ta nemi wurin ta kasa sauka a kansa.

Mai gyaran ya juya allon ya ce, "Malam, duba wannan lamba. Ba filash ne ya tsayar da kai ba. Nan ne hawa na farko ya ƙare."

Sekta 2,086,912 sau bait 2,048 ya ba da bait 4,273,995,776, wanda Windows da irin nata ƙidayar take nunawa a matsayin gigabait 3.98. Tsakanin wannan wuri da iyakar FAT32 bai wuce megabait 21 ba. Da na'urar ta tsallake can lafiya, da filash ɗin ya tsayar da aikin bayan 'yan daƙiƙoƙi. Abokin aikin bai yi ƙarya ba game da filash, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba.

Mai laftof ya ce, "To Injiniya, ai tana karanta CD, tana karanta sauran DVD. Ta yaya za a ce ita ce?"

Amsar tana cikin yadda aka gina na'urar da faifan. CD da hasken leza mai tsawon zango nanomita 780 ake karanta shi, DVD kuma da ja mai nanomita 650. Leza biyu ne daban ko da a gida ɗaya aka haɗa su, saboda haka lafiyar ta CD ba ta ba da shaidar komai game da ta DVD. Sauran bambancin kuma a yawan hasken da ke dawowa yake. Ƙa'idar DVD ta ce faifai mai hawa ɗaya ya mayar da kashi 45 zuwa 85 cikin ɗari na hasken da aka haska masa. Mai hawa biyu kuwa kashi 18 zuwa 30 ne kawai. Dalili shi ne hawan farko dole ya zama mai barin haske ya ratsa shi, domin na biyun yana bayansa, da tazarar kimanin maikuromita 55 a tsakaninsu. Karanta hawa na biyu kamar karanta rubutu ne ta bayan labule mai shara-shara: haske sai ya ratsa labulen ya je, ya sake ratsa shi ya dawo. Masu ƙera tsarin sun san haka tun farko, shi ya sa suka tsawaita ɗigogin rubutu daga maikuromita 0.40 zuwa 0.44 don su karantu da sauƙi, kuma wannan ne ya sa hawa biyu ke ba da gigabait 8.5 maimakon 9.4.

Wurin sauya hawan ma yana da tasa wahalar. A DVD+R DL, da yawancin fina-finai, hawan farko daga tsakiyar faifai yake tafiya zuwa baki, na biyun kuma daga baki yake dawowa ciki. Ke nan a faifan da aka cika, tsallaken a can bakin-baki ake yinsa, inda faifai ya fi yin lilo idan yana juyawa. A nan ne ake so idon na'urar, wato ɗan gilashin da hasken leza ke bi, ya saki hawa ɗaya ya cafke ɗayan cikin ƙiftawa, da hasken da bai kai rabin wanda ya saba samu ba. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji ƙarar ido ce yana neman inda zai tsaya yana rasawa.

Zuwa ƙarshen ranar an san a ina ake faɗuwa. Abin da ya rage shi ne sanin ko datti ne a ido, ko lezar ce ta gaji, ko manhajar cikin na'urar, ko kuwa faya-fayan ne da kansu.

Ƙarshen mako na uku zuwa na huɗu: wanke ido

Aka fara da mafi sauƙi. A siririyar na'ura mai tire, idon a fili yake da zarar tire ya fito. Aka kashe laftof, aka cire caja. Da aka haska tocila a karkace, sai ga wani siririn hazo a kan idon, ba ƙura mai tashi da hurawa ba, irin wanda ke taruwa a hankali ya manne. Mai gyaran ya ɗan jiƙa auduga mai tsinke da ispirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ya matse ta har ta kusa bushewa, ya shafa sau ɗaya a hankali, ya bi da busasshiya. Idon a kan wasu siraran wayoyi yake reto, yana motsi da an taɓa shi, kuma dannawa kaɗan tana iya lanƙwasa su. Bai yi amfani da faifan wanke ido mai burushi ba saboda wannan dalili.

Bayan minti goma aka kunna. Fim ɗin ya wuce tsakiya da ɗan tsaikon da aka saba, ya kai ƙarshe. Faifan ajiya na farko ya kwafu duka. Mai laftof ya tafi da abinsa cikin murna.

Kwana goma ya yi yana jin daɗi. Daga nan abin ya dawo, amma da wata siffa da ba a lura da ita ba a da. Da safe, laftof na sanyi, faifan farko yakan karantu. Na biyu, bayan na'urar ta yi kusan rabin awa tana juyi ta ɗumama, sai ya yanke a wurin sauya hawa. Idan aka kashe aka bar ta ta huce, faifan da ya ƙi ɗazu sai ya wuce. Mai gyaran ya sa ya riƙa rubuta lokacin da ya kunna da lokacin da aiki ya yanke, kuma kwana uku a jere tsarin bai sauya ba.

Mako na biyar: rubutu, emti da manhajar cikin na'ura

A wannan makon aka juya ga rubutu, domin sabbin ayyuka sun taru. Da aka sa emtin da ya saba da shi, aiki ya kai kashi 50 cikin ɗari ya faɗi da kuskuren rubutu. Faifai mai hawa biyu irin na DVD+R sau ɗaya ake rubuta shi, don haka kowace faɗuwa asarar faifai ce.

Kowane emti yana ɗauke da lambar maƙerinsa, na'ura kuma tana da jadawali a cikin manhajarta da ke gaya mata ƙarfin leza da tsawon kowane bugu da ya dace da wannan lamba. Idan ba ta san lambar ba, sai ta yi amfani da tsari na gama-gari, wanda sau da yawa ba ya wadatar da mai hawa biyu. Da aka duba emtocinsa, fakiti biyu masu suna ɗaya a jiki sun nuna lambobin maƙera daban-daban. Aka nemo sabuwar manhajar na'urar daga shafin kamfanin laftof ɗin, aka ɗora ta da caja a jone, tire babu faifai, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya kashe na'ura ɗungum. Ta hau lafiya. Aka samo emti mai lambar MKM-003, wadda masu wannan harka suka daɗe da yarda da ita, aka zaɓi mafi ƙarancin gudun da na'urar ta amince da shi. Gudun 2.4, wanda da shi DVD+R DL ya fara fitowa, yana ɗaukar kusan minti 45 kafin ya cika faifai.

Na farko bai ma fara ba, ya dawo da "Power Calibration Area Error". Kafin na'ura ta soma rubutu takan gwada ƙarfin lezarta a wani ɗan wuri da aka ware a faifan, kuma wannan saƙo yana nufin gwajin bai ba ta sakamako mai karɓuwa ba. Na biyu ya rubuta hawan farko ya faɗi jim kaɗan da shiga na biyu. A ranar, emti mai hawa ɗaya ya rubutu, ya kuma ci gwajin tabbatarwa.

Wani ya ba da shawarar a buɗe na'urar a murɗa ɗan sukurun da ke ƙara wa leza wuta, kamar yadda wasu ke yi. Mai gyaran ya ƙi. Ya ce ba shi da abin auna hasken, kuma ƙara wa gajiyayyar leza wuta yana gaggauta mutuwarta ne, ga shi ana bukatar sauran ƙarfinta idan za a ceci ajiya.

Mako na shida: gwajin musanya

Aka aro na'urar faifai ta waje mai jonawa da USB. Gwajin farko ya kusa ɓatar da kowa, domin ita ma ta yanke, har fitilarta ta ɗauke ta dawo. Sai aka lura wayarta mai kai biyu ce, an jona ɗaya kawai, kuma a tashar USB 2.0 wadda ƙa'idarta miliyamfiya 500 ce. Aka mayar da ita tashar USB 3.0 mai ba da 900, aka jona kai na biyun ma. Fim ya wuce, faya-fayan ajiya biyu na gwaji suka kwafu, emti mai lambar MKM-003 ya rubutu ya ci gwaji. Laftof ɗaya, Windows ɗaya, faifai ɗaya, na'ura kawai aka sauya.

Aka yi gwajin ta ɗaya ɓangaren. Aka zare tsohuwar na'urar aka jona ta a wata kwamfuta, ta faɗi a sekta ɗin da ta saba, bayan ta ɗumama kamar kullum. Da wannan aka cire daga zargi mahaɗar SATA, inda na'urar ke jonuwa a cikin laftof ɗin, da wutar volt 5 da take ba na'urar.

Mako na bakwai: sauya na'ura

Aikin bai kai minti ashirin ba. Siraran na'urori kauri biyu aka fi sani, milimita 12.7 da 9.5, kuma ba sa shiga gurbin juna yadda ya kamata, don haka sai da aka auna tsohuwar, ta nuna 9.5. Sukuru ɗaya ne a ƙasan laftof ke riƙe da ita. Aka cire ƙarfen da ke bayanta da murfin robar gaba aka mayar wa sabuwar, a hankali saboda haƙoran murfin ba sa jure lanƙwasa. Aka saita lambar yanki sau ɗaya aka bari, domin sauyi biyar kawai na'ura ke yarda da shi kafin ta kulle a kan na ƙarshe. Sannan aka rubuta fayil na gigabait 8, aka bar tabbatarwa a kunne, aka kwafo shi baya aka gwada lambar SHA-256, wadda ke nuna ko fayil biyu daidai suke, ta asali da ta kwafin, suka zo ɗaya. Aka maimaita nan take ba a bar ta ta huce ba, sakamako bai sauya ba.

Mako na takwas zuwa na goma: ceton ajiya

Nan ne lamarin ya nuna fuskarsa ta biyu. Da sabuwar na'ura aka bi faya-fayan 60 ɗaya bayan ɗaya ana kwashe su zuwa ma'ajiya ta waje. Guda 52 suka karantu kai tsaye. Takwas suka ƙi, kuma da aka duba kwanan watan da ya rubuta a jikinsu da alƙalami, dukkansu na shekarar ƙarshe ne. Hawansu na farko lafiya lau, kurakuran duk a na biyu suke, sun fi yawa kusa da baki.

Aka yi amfani da ddrescue, manhajar Linux da ke kwashe abin da ya karantu tukuna, ta rubuta taswirar wuraren da suka ƙi, sannan ta dawo musu daga baya. An gaya mata girman sekta bait 2,048 ne. Alfanun taswirar shi ne ana iya sauya na'ura a ci gaba daga inda aka tsaya, ba sai an sake daga farko ba. Abin da siririyar ta kasa, aka kai wa babbar na'ura ta kwamfutar tebur, aka rage mata gudu. Wuraren da ɗaya ta rasa sau da yawa ɗayar takan samu. Ta haka shida suka dawo cif. Biyu suka rage da giɓi: ɗaya ya rasa 'yan mintuna a tsakiyar lacca, ɗayan kuwa fayil guda ne bai buɗu ba sam, kuma babu kwafinsa a wani wuri.

Yanzu ajiyar tana ma'aji biyu daban-daban, faifai ya zama na uku.

Hukunci

Shaidun duk a kan lezar DVD suka taru. Leza tana raunana da yawan aiki, rubutu kuma ya fi karatu cin ta, na mai hawa biyu ya fi duka domin kowane hawa wani kaso na hasken kawai yake samu. Na'ura tana da da'irar da ke ƙara wa lezar wuta da kanta don haske ya tsaya daidai, shi ya sa raunin ke ɓuya tsawon lokaci har ranar da ƙarin ya kai iyaka. Zafi yana ƙara mata bukatar wuta, wanda ya dace da karatun safe da gazawar bayan rabin awa. Hazon da ke kan ido gaskiya ne, yana tauye haske a tafiya da dawowa, kuma wanke shi ya mayar da ɗan abin da ya isa a haye na kwana goma. Wankin bai zama kuskure ba, amma sauƙin da ya kawo ya sa an ɗauka an gama, aka ƙara asarar makonni biyu da emti masu kyau.

Mako na biyu kuwa, a ganina, bai kamata a yi shi ba ko kaɗan. Zargin FAT32 yana da uzuri saboda kusancin lambobin nan biyu, kuma gwaji ɗaya ya kore shi. Amma daga lokacin da fim bugun kamfani da faifan gida suka faɗi a wurin sauya hawa, direba da rajista sun fita daga zargi, domin Windows jerin sekta kawai take nema, na'urar ce ke sanin a wane hawa kowace take. Gwaji biyu ne suka yanke magana, lambar sektar da ake faɗuwa da musanya na'ura, kuma dukkansu ana iya yinsu a yinin farko. Abin da ya hana shi ne ƙudurin cewa na'urar da ke karanta CD lafiyayya ce.

Asarar da ta fi ciwo ba ta makonnin nan goma ba ce, ta riga su da shekara guda. Faya-fayan takwas lezar ta rubuta su ne tana kan raunana, a kan emtin da ba a san maƙerinsa ba, manhaja kuma ta ce an gama lafiya domin ba a umarce ta ta duba ba. Da tabbatarwa na kunne, na'urar da ta fara rasa ƙarfi ita za ta fara kasa karanta raunanan rubutunta, faifan farko cikin takwas ɗin zai faɗi gwaji a ranar da aka yi shi, lokacin da fayil na asali yana nan a laftof ba a goge shi ba.